Yaushe Ya Kamata Ka Hutar da Tsohon Teriya Daga Farauta?

Teriya ƙaramin kare ne da mutanen Birtaniya suka daɗe suna kiwo saboda aiki guda: ya shiga rami ya koro abin da ke ciki. Akwai Jack Russell, wanda ya ci sunan wani limamin coci na yankin Devon, John Russell, da ya sayi karyarsa ta farko a Oxford a 1819. Akwai Border na kan iyakar Ingila da Sikotland. Akwai Lakeland da Patterdale na tsaunukan Cumbria, inda makiyayan tumaki suka daɗe suna fama da jan dila. Tsayin karen da ƙyar yake kai gwiwar mutum, amma tsara bayan tsara an riƙa zaɓensa ne a kan hali ɗaya, wato kada ya ja da baya. Wannan halin ne ya yi masa suna, shi ne kuma ya sa maganar ritayarsa take da wuya. Teriya ba ya nuna gajiya. Ko da ƙafa uku yake takawa, da ya ji ƙarar shebur ko an buɗe bayan mota, zai miƙe jiki na ɓari, kamar tsohon ɗan damben da ya ji kalangu. Zuciyarsa tana daɗewa da ƙarfinta bayan jiki ya fara saki. Saboda haka mai cewa "ai har yanzu yana so" bai gaya maka komai game da lafiyar karen ba. Hukuncin yana wuyan mai kare, kuma sai da ido da hannu da lissafi ake yanke shi.

Mafarautanmu na ƙasar Hausa ba teriya suke kiwo ba, nasu karnukan dogaye ne masu bin zomo da gafiya a farautar rani. Amma tsufa iri ɗaya ne, kuma mafi yawan gwajin da ke ƙasa zai yi musu amfani yadda yake.

Mataki na farko: tantance aikin da kake nema a wurinsa

Kafin ka tambayi ko karen ya tsufa, tambayi kanka ya tsufa da yin me. Aikin teriya hawa uku ne. Mafi nauyi shi ne shiga ramin dila: duhu, matsi, ƙarancin iska, sanyin ƙasa, wani lokaci sa'o'i kafin a haƙo shi. Na tsakiya shi ne kamun ɓeraye a rumbuna da shingayen kaji da gonaki, aikin da ke son zafin nama da haƙori, amma karen yana gaban idonka. Mafi sauƙi shi ne kutsawa cikin ƙaya da ciyawa yana koro zomo. Kare na iya gama da hawa na farko yana da sauran shekara biyu ko uku a na biyu da na uku.

Doka ma ta raba su. A Ingila da Wales, dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta hana farautar dabbobin daji da karnuka sai a wasu keɓaɓɓun halaye. Shiga rami ya halatta ne kawai da kare ɗaya a lokaci guda, don kare tsuntsayen da ake kiwo saboda harbi, da rubutaccen izinin mai fili, kuma da sharaɗin a ɗauki matakin da zai hana karen jin rauni. Ɓera da zomo kuwa an halatta farautarsu da kare muddin akwai izini. Sikotland ta yi tata sabuwar dokar a 2023, ta ƙara tsauri. Sannan dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin kare ta daga ciwo da rauni da wahala. Wanda ya tura karen da ya san ba ya gani sosai cikin rami, bayan rashin tausayi, ya jawo wa kansa magana da hukuma.

Mataki na biyu: shekaru ƙararrawa ce, ba hukunci ba

Teriya na cikin karnuka masu nisan kwana. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan ta fitar a 2022 ya nuna Jack Russell ne kan gaba a Birtaniya, da tsawon rai kimanin shekara 12.7. Amma tsawon rai daban, shekarun aiki daban. Karen da ya yi lokutan sanyi bakwai yana shiga ramin duwatsu a Cumbria ya fi shekarunsa tsufa, wanda kuwa ɓerayen gona kawai ya sani yana iya kai goma da sauran ƙarfinsa.

Abin da shekaru za su gaya maka shi ne lokacin fara sa ido. Daga shekara bakwai ko takwas, sami ɗan littafi. Duk fita ka rubuta kwanan wata, irin aikin, tsawon lokacin da ya yi, raunin da ya samu, da kwana nawa ya ɗauka kafin ya dawo daidai. Kada ka raina wannan. Wanda ke ganin karensa kullum shi ne na ƙarshen lura da canji, domin canjin kaɗan-kaɗan yake zuwa, kuma so yana rufe ido. Littafin zai nuna maka cewa bara kwana ɗaya yake warwarewa, bana uku.

Mataki na uku: duba shi da hannunka, daga baki zuwa wutsiya

Ka ɗora shi kan tebur inda akwai haske, sau ɗaya a wata. A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci.

Fara da baki. Karen da ya gama girma yana da haƙora 42, kuma a wurin teriya fiƙoƙin nan huɗu su ne kayan aiki da garkuwa. Ɗaga leɓen ka gani: akwai wanda ya karye har ana hango ɗigon ja ko baƙi a tsakiyarsa? Akwai mai girgiɗi? Dasashi ya ja baya, ko yana jini, ko bakin na wari fiye da da? Karyayyen haƙorin da jijiyarsa ta fito yana ciwo ko da karen na cin abinci lafiya lau. Karen da bakinsa ya lalace ba ya kashe ɓera da cizo ɗaya, sai ya riƙa gyara kamu, a nan ne ɓeran ke samun damar cizon hanci da leɓe. Idan ka ga ƙananan raunuka a fuska sun fara yawa ga karen da a da yake dawowa tas, sau da yawa daga baki ko daga raguwar sauri matsalar take. Danna dasashin da yatsa ka saki: ya kamata jan launinsa ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Dasashi fari fat alamar ƙarancin jini ce, kuma a wurinmu inda kaska ta yi yawa wannan gwajin ya fi kowanne muhimmanci.

Sai idanu. Wani shuɗi-shuɗin hazo a tsakiyar idon tsohon kare abu ne da aka saba gani, ba ya hana gani sosai. Yanar ido kuwa fara ce, kuma tana makantarwa. Akwai kuma cutar da jinsin teriya ke gado, inda madubin cikin ido ke tsinkewa daga mazauninsa, galibi tsakanin shekara uku zuwa takwas. Idon ya yi ja farat ɗaya, yana hawaye, karen na runtse shi: wannan na likita ne a ranar, domin matsin cikin ido na iya kashe gani cikin ɗan lokaci. Akwai gwajin ƙwayar halitta da ke nuna mai ɗauke da ita. Gwajin gida mai sauƙi shi ne ka jefa dunƙulen auduga ta gefensa, tunda ba ta ƙara ba ta wari, ka ga ko zai bi ta da ido. Ka maimaita da magariba, domin ganin duhu ne ke fara tafiya.

Wani zai ce ai cikin rami duhu ne, me ido zai yi? Gaskiya ne hanci ke aiki a ƙasa. Amma kafin ramin akwai waya mai ƙaya, akwai gangaren dutse, akwai titi.

Kunne ya fi ido haɗari a ganina. Tsaya a bayansa lokacin da hankalinsa ke wani wuri, ka yi fito ko ka kira sunansa a hankali, ba tare da ka taka ƙasa da ƙarfi ba. Karen da ba ya jin kira ba ka da linzaminsa. Zai iya faɗawa ramin da ba ka nufa ba, kuma a Birtaniya idan ramin na dabbar da Turawa ke kira badger ne, mai kama da dage, wadda dokar 1992 ta ba kariya, shigar kare cikinsa laifi ne babba. Mutane da yawa sukan ɗauka tsohon karensu taurin kai ya ƙara, alhali kurumta ce ta kama shi.

Daga nan kama ƙirjin yadda masu teriya ke auna shi: tafukan hannu biyu a bayan kafaɗunsa, manyan yatsu su haɗu a gadon baya, sauran su haɗu a ƙarƙashin ƙirji. Idan a da suna haɗuwa yanzu sun daina, kitse ya shigo, kuma karen da ya yi ƙiba yana iya maƙalewa a ramin da ya saba wucewa. Shafa haƙarƙari, ya kamata ka ji su ƙarƙashin siririn nama. Sai ka gangara gadon baya da cinyoyi. Ƙashin baya ya fito, cinya ta zube, ko ɗaya ta fi ɗaya kauri? Naman da ya zube a ƙafa ɗaya yana nufin ya daɗe yana sauke mata nauyi. Lanƙwasa kowace gaɓa ka miƙe ta a hankali, kana kallon fuskarsa. Ba zai yi kuka ba. Zai lashi leɓe, ko ya juyo da kai, ko ya ɗauke numfashi. Wannan shi ne kukan teriya.

Na ƙarshe, numfashi. Lokacin da yake barci sosai, ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa cikin daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Lafiyayye yana ƙasa da 30 a minti. Idan ya riƙa haura haka, ko yana tari da dare ko da asuba, a duba zuciya. Ƙananan karnuka idan sun tsufa sukan kamu da lalacewar wata ƙofar jini ta cikin zuciya, kuma mai irin wannan ciwon ba shi da abin yi a wurin da iska ta yi ƙaranci.

Mataki na huɗu: safiyar washegari ta fi ranar farauta faɗin gaskiya

A fili, zumuɗi na rufe ciwo. Ka je wurinsa da sassafe washegarin aiki, kafin ya ji motsin kwano. Kalli yadda yake tashi. Matashi zumbur yake miƙewa, ya yi miƙa, ya girgiza jiki tun daga kai har wutsiya. Tsoho zai fara kafa ƙafafun gaba, ya ɗan tsaya, sannan ya jawo na baya, takunsa na farko gajeru, bayansa a ɗan ƙobare, girgizar ma sai ta tsaya a kafaɗa. Idan ya warware cikin 'yan mintuna kuma zuwa yamma ya koma daidai, da sauransa. Idan ɗingishin ya kwana biyu, ko ya bar abinci, aikin jiya ya fi ƙarfinsa.

A filin ma akwai abin gani ga mai lura. Katangar dutsen da yake hayewa da tsalle ɗaya, yanzu yana neman ƙofa. Yana tsayawa a bayan mota yana jira a ɗaga shi. Haki na daɗewa bayan sauran karnuka sun huce, ko yana rawar sanyi bayan ya jiƙe. A cikin rami, saurari haushinsa: teriya na gari yana tsayawa nesa kaɗan da dila yana haushi ba ƙaƙƙautawa har ya koro shi. Idan haushin ya fara yankewa, da dogon shiru a tsakani, numfashi ne ke gaza masa. Wani kuma da ya rasa saurin kaucewa sai ya koma kokawa, ya fito da raunin da bai taɓa samu ba a ƙuruciya.

Akwai alamar da ta fi ba da tausayi: ya tsaya tsakiyar gonar da ya sani yana dube-dube, ko ya riƙa yawo da dare yana barci da rana, ko ya shiga lungu ya kasa juyowa. Rikicewar tsufa ke nan, karnuka ma suna yin ta. Karen da ke ɓata a fili ba a saka shi a ramin da ke da rassa.

Mataki na biyar: likitan dabbobi, kafin lokacin farauta

A Birtaniya, kai shi wurin likita wajen Agusta ko farkon Satumba, kafin aikin sanyi ya kankama. Gaya wa likita gaskiyar aikin da karen ke yi, ka nuna masa littafinka. A saurari zuciya, a duba ido da baki da gaɓoɓi, a ɗauki jini da fitsari don ƙoda da hanta. Mai kamun ɓera lallai ne a sabunta masa rigakafin cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera duk shekara, domin ƙoda da hanta take kamawa, kuma tana kama mutum. A wurinmu sai a ƙara da rigakafin haukan kare, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke sarrafawa.

Idan akwai amosanin gaɓɓai, likita zai iya ba da magani irin meloxicam ko carprofen, kuma za ka ga karen ya koma kamar yaro. A nan mutane ke ruɗuwa. Maganin ya rage ciwo ne, gaɓar tana nan yadda take. An ba shi ne don ya yi barci da tafiya cikin sauƙi, kuma duk karen da sai da magani zai iya fita aiki, ya riga ya gama aikin. Kada kuma ka ɗauko naka maganin ka ba shi. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙoda, ƙwaya kaɗan ta isa ga mai nauyin kilo shida ko bakwai.

Mataki na shida: abubuwan da ba a jira a kansu

Wasu alamun ba sa buƙatar littafi ko shawara. Ya taɓa suma ko ya zube a wurin aiki. Likita ya tabbatar da ciwon zuciya ko na ƙoda. Ya kurumce, ko ido ɗaya ya mutu ɗayan na raguwa. Farfaɗiya ta fara kama shi. Muƙamuƙi ya taɓa karyewa ko fiƙoƙi sun zube. Ƙafafun baya na jan ƙasa ko suna harɗewa. Ko kuma an haƙo shi daga rami a galabaice, ya sha da ƙyar. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa: rami ya ƙare daga ranar.

Ka tuna na'urar da ake ɗaura wa karen a wuya don gano shi a ƙarƙashin ƙasa, wurin da yake kawai take nunawa, ba ta ƙara masa iska. A arewacin Ingila har ƙungiya gare su, Fell and Moorland, da mambobinta ke taruwa su haƙo karen da ya maƙale, wani lokaci kwana da kwanaki cikin dutse. Matashin kare na iya jure jiran. Tsoho mai raunin zuciya, cikin sanyi da ƙishirwa, da wuya a same shi da rai. Kuma mutanen da ke haƙan su ma rayukansu suke sakawa a haɗari.

Abin da na fi jin tsoro shi ne maganar nan ta "bari ya yi na ƙarshe". Fitar bankwana don mai kare ake yin ta, karen bai san da ita ba. Gara ka tsayar da shi a ƙarshen lokacin farautar da ya gama lafiya, da ka bari rauni ya yanke maka hukunci.

Mataki na bakwai: sauke shi hawa-hawa

Idan babu ɗaya daga cikin waɗancan, kada ka yanke masa aiki dare ɗaya. Cire shi daga rami tukuna, kuma wannan na nufin igiya a wuya duk inda ka san akwai ramuka, domin shi bai san an yi masa ritaya ba. Bar masa ɓera, amma rabin sa'a maimakon yini, a gonar da ka tabbata ba a zuba gubar ɓera ba. Zaɓar masa rana mai sauƙin yanayi da fili mai laushi. Kafin a fara ka yi tafiyar minti goma da shi jiki ya saki, bayan an gama ka goge shi ya bushe kafin ya shiga mota. Mafarautanmu kuwa su kiyayi zafin Maris da Afrilu: tsohon kare ya fita da asuba ya dawo kafin rana ta take, a riƙe masa ruwa.

Hancinsa ne zai fi daɗewa, kuma a nan amfaninsa yake. Tsohon teriya a igiya yana iya nuna maka ramin da ke da abu da wanda babu kowa, kuma ƙaramin kare na koyon natsuwa idan yana tafiya kusa da shi. Sai dai kada ka sake su tare kan ɓera ɗaya. Kishi zai sa tsohon ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, faɗa kuma na iya tashi, teriya kuwa ba ya faɗan wasa. Ka fara tarbiyyar magajinsa tun tsohon yana shekara shida ko bakwai. Yawancin masu matsa wa tsohon kare rashin na biyu ne ya sa su.

Mataki na takwas: zaman gida

Ranar da za ka fita da sauran karnuka, kada ka bar shi yana kallo ta waya yana kuka. Fita da shi tukuna ya zaga, ka ba shi abin tauna a wani ɗaki, sannan ku tafi. Ɓoye masa guntun nama cikin tarin ciyawa ya nema, ko ka ware masa gefen da zai yi ta tono. A Amurka har wasa suka mayar da wannan, ana ɓoye ɓera cikin bututu mai ƙarfi a tsakanin damman ciyawa, karen ya gano shi ba tare da ya taɓa shi ba, kuma tsofaffin karnuka na shiga.

Rage abinci daidai da raguwar aiki, ka riƙa auna nauyinsa duk wata, domin ƙiba ita ce babbar abokiyar gabar gaɓoɓi. Amma kada ka rage nama sai likita ya ce ƙoda ta taɓu, tsoho yana buƙatarsa don kada cinya ta ƙara zubewa. Tafiya gajera sau biyu ko uku a yini ta fi doguwa guda a ƙarshen mako. Ɗaga masa shimfiɗa daga siminti, a wuri busasshe marar iska. Farcensa zai fara tsawo tunda ya daina tono, sai ana yankewa, in ba haka ba takunsa zai karkace. Ziyarar likita ta koma duk wata shida.

Kada ka sayar da shi, kada ka bayar da shi ga wanda ba ka sani ba. Tsohon teriya mai suna yakan faɗa hannun wanda zai mayar da shi rami a mako na farko. Idan dole ne ya bar gidanka, ka faɗi ciwonsa da hukuncin da ka yanke, ka zaɓi gidan da babu kyanwa ko kaji ko zomayen gida.

Littafin nan kada ka ajiye shi. Yanzu abin da za ka riƙa rubutawa shi ne ko ya ci, ko ya tashi da kansa, ko ya tarye ka, ko ya yi barci ba nishi. Ranar alheri ka sa mata alama, ta wahala ma haka. Idan ranakun wahala suka fara rinjaya a wata guda duk da magani, ka ɗauki littafin ka koma wurin likita ku tattauna abin da ya rage a yi masa.